Fushin Baƙo Ba Nasa Ba Ne Shi Kaɗai

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya hore mana ƙasa muke yawo a cikinta muna neman halaliyarmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.



Nasihar wannan Juma'a a kan abin da babu wanda zai wuni a Ibadan bai gamu da shi ba ce. Ka fito da sassafe za ka Bodija, mai tasi ya tsaya a tsakiyar titi yana ɗaukar fasinja, ka yi masa magana ya leƙo ya zage ka. Ka isa rumfa, wata ta zo ta tattaɓa tumatir kwando uku, ta matsa wannan ta latsa wancan, ta yi tayin da ko kuɗin mota bai fitar ba, da ka ce albarka ta ja tsaki ta ce "aboki" da irin muryar da ka san ba abota ake nufi ba. Mai karɓar kuɗin tikiti ya zo sau biyu a rana ɗaya. Wanda kake bi bashi tun kafin azumi ya hango ka ya sauya hanya. Ka koma gida da magariba babu wuta, ga zafi, ga maƙwabci ya kunna janareto daidai tagarka. Duk cikin waɗannan babu wanda ya kai a kira shi musiba. Ƙananan abubuwa ne, kuma wallahi a kan irinsu ne aka fi rasa dukiya da rayuka a zamanmu na Kurmi.

Bari mu fara da wani abu da ya faru a gaban Manzon Allah (SAW). A yaƙin Banu Musɗaliƙ, rundunar Musulmi ta sauka a wani ruwa da ake kira Muraisi'u. Mutum biyu suka yi turereniya wajen ɗibar ruwa, ɗaya ɗan aikin Sayyidina Umar ne, ɗayan kuma na ɓangaren mutanen Madina. Irin dai abin da ke faruwa a bakin famfo kullum. Aka kai hannu. Wannan ya ɗaga murya ya kira Ansaru su zo su taimake shi, wancan ya kira Muhajirai. Kafin ka ce me, rigimar guga ta zama ta 'yan gari da baƙi, domin Muhajirai su ne baƙi a Madina, su ne suka baro garinsu suka zo zama a garin wasu, kamar mu. Annabi (SAW) ya fito ya tsawatar, ya kira wannan kiraye-kiraye da na jahiliyya, ya siffanta shi da abu mai wari. Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukai, dama abin da yake jira ke nan. Ya shiga zuga mutanen Madina cewa su suka jawo wa kansu da suka sauki baƙi, har ya yi alwashin korarsu idan an koma gida. Wannan maganar tasa tana nan Allah ya tona ta a Suratul Munafiƙun. Sayyidina Umar ya nemi izini ya sare kansa, Annabi ya hana, saboda kada labari ya bazu a cikin Larabawa cewa Muhammadu yana kashe mutanensa. Sai ya sa aka tashi a lokacin da ba a saba tashi ba, aka yi ta tafiya wuni da dare har rana ta sake yin zafi, jama'a na sauka barci ya kwashe su, babu wanda ya sami bakin maimaita zancen.

Ku duba fa. Sahabbai ne, Annabi na cikinsu, amma ɗibar ruwa ta kusa raba su. To ina ga ni da kai a Ojo ko Mokola da ƙarfe biyu na rana?

Ba sai mun je nesa ba. Waɗanda suke garin nan a watan Fabrairun 2021 sun san yadda abin Shasha ya fara: cacar baki tsakanin mai dako da wata mai shago a kan kayan da suka zube a gaban shagonta. Wani ya shiga tsakani, aka buge shi, ya rasu. Daga nan wuta. An rasa rayuka ta kowane ɓangare, an ƙona rumfuna da gidaje, mata da yara suka kwana a gidan Sarkin Shasha babu abin shimfiɗa, gwamnati ta rufe kasuwa. Akwai waɗanda suka tara jarinsu shekara ashirin, suka hau motar Arewa da rigar jikinsu kaɗai, alhali ko wajen rigimar ba su je ba. A Legas ma, rikicin Mile 12 na watan Maris 2016 daga taƙaddama da ɗan acaɓa ya taso, aka rufe kasuwa sukutum. Na Shagamu kuwa a 1999 bai tsaya a Shagamu ba, sai da ya isa Kano, Yarabawan da ke neman abincinsu can suka biya bashin da ba su ci ba.

Ba ina ɗora wa mutanenmu laifi ba ne. An zalunce mu a wurare da yawa, Allah ya sani, kuma akwai ɓata-gari a kowane gari waɗanda suke kwana da addu'ar a yi rigima su wawashe kaya. Abin da nake so mu riƙe shi ne, idan ka yi faɗa a garinku, sunanka ake kira, a ce wane ɗan wane ya yi faɗa. Idan ka yi a nan, babu wanda ya san sunanka. Cewa za a yi Bahaushe ya mari mace, Hausawa sun zare wuƙa. Marin da ka yi kai kaɗai, mai shayin da ke bakin titi shi zai biya, da mai gyaran takalmi, da tsohon da ke gadi a unguwar da babu Bahaushe ko ɗaya sai shi. Yanzu ga waya a hannun kowa: a ɗauki hoton ƙarshen faɗa ba a ɗauki farkonsa ba, a watsa a WhatsApp, kafin la'asar an ji a Kano da Sakkwato da ƙarin gishiri. Don haka haƙurin da zai zama falala ga mutum a garinsu, a nan ya kusa zama wajibi, tunda haƙƙin wasu na rataye da shi.

Wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) neman wasiyya, abin da ya ba shi kawai shi ne ya guji fushi. Ya sake tambaya, ya sake ba shi amsar nan, har sau da dama. Yaranmu na Islamiyya sun san shi, shi ne na 16 a Arba'una Hadis. Malamai suka ce ba ana nufin kada zuciya ta motsa ba, wannan halitta ce, duk mai jini a jika zai ji zafi idan an zage shi. Abin da aka hana shi ne ka miƙa wa fushin linzami, ya yi magana da bakinka, ya yi aiki da hannunka. A wani hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi ya cire sunan ƙarfi daga kan gwanin kokawa ya ɗora shi a kan wanda ke iya riƙe kansa lokacin fushi. Matasanmu masu son a ce ba su ɗaukar raini, ku ji wannan da kyau. Kayar da mutum, kowane ƙato na iyawa.

Mu 'yan kasuwa akwai labarin da ya fi dacewa da mu. Wani yana bin Annabi (SAW) bashin raƙumi, ya zo karɓa ya yi ta gasa masa magana a gaban jama'a. Sahabbai suka yunƙura za su yi kansa. Annabi ya ce su ƙyale shi, ya nuna musu cewa mai bin haƙƙi yana da damar magana. Aka nemi raƙumi daidai da nasa ba a samu ba sai wanda ya fi shi, ya ce a ba shi wancan ɗin. Haka nan baƙauyen da ya fizgi mayafin Annabi har gefen mayafin ya yi masa shaida a wuya, wai a ba shi daga dukiyar Allah: Anas ya ce Annabi ya waiwayo ya yi dariya, ya sa aka ba shi. Wannan shugaban ƙasa ne, da runduna a bayansa, da ya ɗaga gira kawai an gama da mutumin. Mu kuwa a ce mana kayanmu sun yi tsada sai jijiyar wuya ta tashi. Annabi ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙin kai idan zai sayar, da idan zai saya, da idan zai nemi biyan bashi. Addu'ar Annabi ce fa a ajiye, tana jiran wanda zai ɗauka tsakanin taya da sallamawa. Kuma duk tsohon ɗan kasuwa zai gaya maka, matar nan mai tsaki da latsa tumatir, idan ka haɗiye ka ce ta ƙara wani abu, ita ce za ta dawo gobe da ƙawayenta.

Sannan da yawa daga abin da muke ɗauka wulaƙanci, rashin sanin juna ne. Mutanen nan suna magana da ƙarfi, suna ciniki da ƙarfi, har gaisuwarsu da ƙarfi take. Sabon zuwa zai ga mata biyu suna ta ɗaga murya ya zaci faɗa ake, ashe hira ce. Mu kuma shirunmu da ɗaure fuska su suna karanta shi a matsayin girman kai. Suna da son gaisuwa ƙwarai, suna girmama babba, kuma kamar yadda muke ce wa dattijo "ku", su ma suna da "e" ta girmamawa da ba a musanya ta da ta yara. Matsalar samarinmu ita ce a tasha suke koyon Yarabanci, zagi suke fara iyawa kafin gaisuwa, sai yaro ya yi wa sa'ar kakarsa magana kamar yana yi da abokinsa, bai ma san ya yi laifi ba. Ku koya musu "e jo" da "e ma binu", wato don Allah da yi haƙuri. Kalmomi ne da ba a sayensu da ko sisi, amma sun kashe wutar da motar kwana-kwana ba za ta iya ba.

Ita kuwa "aboki", ai kalmarmu ce, kuma mai kyau ce. Mafi yawan masu faɗinta ba su san sunanka ba ne kawai. Wanda ya faɗa da raini, ka amsa masa da fara'a ka ga yadda zai rasa abin yi. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ma muna da sunayen da muke kiran mutane da su a bayan idonsu, har da kiran mutum arne alhali wataƙila ya riga ka zuwa sahun asuba. Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙabi. Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bautawa, don kada su rama a kan Allah cikin jahilci. Annabi ya ce mutum na iya zagin iyayensa da kansa, ta hanyar zagin iyayen wani shi kuma ya rama. Duk wanda ashar ke saurin fita daga bakinsa ya tuna da mahaifiyarsa da ya baro a gida.

To idan abin ya taso, me za a yi? Magungunan da suka zo a sunna ba su da wuya. A nemi tsarin Allah daga Shaiɗan. A yi shiru. Wanda ke tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Akwai ruwayar yin alwala, wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta, amma duk wanda ya gwada ya san kafin ka nemo buta ka wanke fuska rabin zafin ya tafi, kuma ka bar wajen. Zan ƙara da abin da ya shafi sana'o'inmu. Mahauta, masu tsire, masu rake, masu yankan farce, masu sayar da doya da kankana, duk da ƙarfe a hannu kuke wuni. Annabi (SAW) ya umarci mai wucewa ta kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Don Allah, da zarar murya ta fara tashi, ajiye wuƙar a ƙarƙashin tebur kafin ka buɗe baki. Kai ka san aiki kake yi da ita. Wanda ke kallo daga nesa, da wanda ke ɗauka a waya, abin da suka gani shi ne Bahaushe da wuƙa.

Masu kallo kuma ku ne rabin faɗa. Mutum biyu za su iya rabuwa cikin minti ɗaya, amma da an kewaye su, an ce "kai, kana ji yana zaginka?", babu mai iya ja da baya saboda kunyar idon jama'a. Mai zuga shi ne magajin Ibn Ubayyu a wannan rana. Idan naka ne ya fusata, kama hannunsa ka ja shi gefe, wani kuma ya tsaya ya ba ɗaya ɓangaren haƙuri, ko da naku ne ke da gaskiya. Kada a tsaya yi masa wa'azi a tsakiyar taro. Akwai wanda ya fusata a gaban Annabi har fuskarsa ta yi ja, aka je aka gaya masa ya nemi tsari, sai ya ce shi mahaukaci aka ɗauke shi? Mai fushi kunnensa a toshe yake, a fitar da shi tukuna, nasiha ta biyo baya.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci: Malam, wato mu zama bayi ke nan, a taka mu mu ce mun gode? A'a. Musulunci bai ce ka bar haƙƙinka ba. Suratush Shura ta ba wanda aka zalunta damar ramawa daidai da abin da aka yi masa, ta kuma ce ladan wanda ya yafe ya gyara yana wajen Allah. Amma ku lura da sharaɗin: daidai. Ku da kuke awo da mudu kullum, ku gaya mini, mai fushi yana iya awo? A zage shi sau ɗaya ya rama da biyar, a ture shi ya kai naushi. Hadisin Muslim ya nuna cewa zunubin masu zage-zage yana kan wanda ya fara, matuƙar wanda aka zalunta bai wuce gona da iri ba. Da ka ƙara, ka fita daga layin masu bin bashi ka koma layin waɗanda ake bi. Ko alƙali an hana shi yanke hukunci yana cikin fushi, balle kai da kake alƙali a shari'ar kanka. Wata rana wani yana zagin Sayyidina Abubakar, Annabi na zaune, Abubakar ya yi shiru. Da abin ya yi yawa ya mayar da martani, sai Annabi ya tashi. Da ya tambayi dalili, ya sanar da shi cewa mala'ika ne ke rama masa, da ya karɓi aikin da kansa sai Shaiɗan ya shigo.

Haƙƙi ana binsa ne ta ƙofarsa. Kakanninmu da suka zauna a Sabo tun 1916 da fataucin goro da shanu ba da dambe suka kafa unguwar ba. Sun kafa ta da amana, da masu gida waɗanda ke tsaya wa baƙonsu, da sarki da liman da ake kai wa ƙara. Wannan tsarin yana nan. Akwai shugaban layinku, akwai shugabannin kasuwa namu da nasu, akwai Sarkin Hausawa, akwai hukuma. Idan an ci maka kuɗi ko an karɓi tikiti ba bisa ƙa'ida ba, riƙe takardarka, nemi shaidu biyu, ka kai magana da sanyin murya bayan ka huce. Wanda ya je da shaida da ladabi yakan dawo da kuɗinsa. Wanda ya kai mari yakan kwana a ofishin 'yan sanda, jama'a su yi karo-karo su fito da shi, kuɗin nasa kuma sun tafi.

Akwai wani ɓangare da ba ma son a taɓa. Wasunmu a waje kamar tumaki, duk abin da ɗan tasha ya faɗa sai su haɗiye, amma da sun shigo gida sai a huce haushin kaza a kan dami. Abinci ya ɗan makara, tsawa. Yaro ya zubar da ruwa, duka. Yaron shago ya yi kuskuren canji, a zage shi har iyayensa da suka ba ka amanarsa daga ƙauye. Wannan haƙurin na waje tsoro ne kawai, domin haƙurin gaske ana gane shi ne a kan wanda kake da iko da shi. Anas ya yi wa Annabi hidima shekara goma, ya ce ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Kuma mu da muka san zafin karayar jari, mu tuna da wanda Annabi ya kira matsiyaci na gaskiya: mutumin da zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya doki wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare, sannan a kwaso zunubansu a jibga masa. Matarka da yaron shagonka suna cikin masu karɓa a ranar, haka ma matar nan da ka yi wa ashar a kasuwa, ko Musulma ce ko ba Musulma ba.

Iyayenmu mata, ku ma kuna da naku fagen: layin famfo, igiyar shanya, shara a tsakar gidan haya, da uwa uba faɗan yara. Yara za su yi faɗa da safe su ci abinci a kwano ɗaya da rana, iyaye kuwa su yi shekara ba sa gaisawa. Idan ɗanki ya shigo da kuka, ki bari ya huce ki ji ta bakin ɗayan kafin ki ɗauki mayafi. Kuma kada ki tari maigida da ƙarar maƙwabta tun daga bakin ƙofa, mutumin da ya wuni a rana ana gasa masa magana. Ki bari ya yi salla ya ci abinci tukuna.

A masallacin nan ma muna gani: wanda aka taka wa takalmi, wanda aka tare wa mota, wanda wayar wani ta yi ƙara a raka'a ta biyu. Baƙauye ya yi fitsari a masallacin Annabi, sahabbai suka taso masa, Annabi ya hana a katse shi, ya sa aka kwara guga ɗaya na ruwa, sannan ya kira shi ya koya masa cikin sauƙi. Ƙarar waya dai ba ta kai wannan ba. Dattawa na zama a nan bayan sallar la'asar, duk wanda ke da rigima da wani, namu ne ko ɗan gari, ya kawo ta tun tana ƙarama, kuma ya zo da wanda ya ga abin da idonsa.

Allah ya ba garin nan da ƙasarmu zaman lafiya, ya kawo direbobinmu da ke kan hanya gida lafiya, ya jiƙan iyayenmu.